SHARHI: A gina gida na biyu tun na farko bai ƙone ba

Ranar Jumma'a 26 ga watan Satumba 2025, wajen ƙarfe 8 na dare, gobara ta tashi cikin wani gini na gwamnatin Koriya ta Kudu a birnin Dejon. A cikin wannan gini ne gwamnati ta tara manyan kwamfutocinta, waɗanda ke riƙe da ayyukan ma'aikatun ministoci. Ma'aikata na cikin kwashe baturan da ke tallafe da na'urorin idan kuran ya ɗauke, za su sauka da su ƙasa domin a nisanta su da na'urorin, sai ɗaya daga ciki ya kama wuta. Masu kashe gobara sun yi kusan awa 22 kafin su ga bayanta. Kafin gari ya waye ɗaruruwan ayyukan gwamnati sun tsaya cik. Mai neman takardar hukuma ta intanet bai samu ba, shaidar ɗan ƙasa da ke cikin salula ta ƙi buɗewa, ayyukan gidan waya da na ajiyar kuɗinsa sun rikice. Bayan kwana biyu shugaban ƙasar da kansa ya fito ya nemi gafarar jama'a.

Kowa ya san Koriya ta Kudu ba ƙasa ce ta baya ba wajen fasaha. Salula da telebijin da motocin da take ƙerawa suna nan cikin kasuwanninmu tun daga Yamai har Damagaram. Idan haka ta faru da ita, to, ya dace mu tsaya mu duba, domin magabata sun ce in gemun ɗan'uwanka ya kama da wuta, shafa wa naka ruwa. Ƙasarmu ta hau wannan hanya. Shirin shimfiɗa wayar sadarwa ta zaren gilashi mai ratsa Sahara, wanda Bankin Raya Ƙasashen Afirka ya sa wa kuɗi, ya ƙunshi fiye da kilomita 1,000 na waya cikin Nijar, ya kuma ƙunshi gidan na'urori na ƙasa a Yamai. Abin farin ciki ne. Amma ra'ayinmu shi ne, duk ƙasar da ta tara ayyukanta cikin gida ɗaya, wajibi ne ta tanadi gida na biyu mai nisa, ta kuma riƙa jarraba shi, tun kafin ranar da za a buƙace shi.

Bari mu fara da bayanin abin da ke cikin irin wannan gida, saboda wanda bai taɓa shiga ba. Kwamfutocin da ke ciki ba irin na bisa tebur ba ne. Ba su da allo, ba wanda ke zama gabansu. An jera su cikin kabad-kabad na ƙarfe, aikinsu su amsa kiran sauran kwamfutoci da wayoyin salula dare da rana, shi ya sa ake ce musu na'urorin hidima. Idan ma'aikacin baitulmali ya buɗe jerin albashi, ko ɗan duwan ya rubuta shigar kaya a bakin iyaka, ko ɗan lakkwal ya nemi sakamakon jarrabawarsa, wata na'urar hidima ce ta amsa masa daga nesa. Na'urorin nan na son abu uku kullum: kuran wanda ba ya yankewa, sanyi wanda ba ya tsayawa, da hanyar sadarwa. Abu ɗaya cikin ukun ya ɓace, aiki ya tsaya.

A yau injin ɗaya kan ɗauki ayyuka goma ko ashirin, kowane cikin ɗakinsa kamar gidan haya, ba wanda ke leƙa na wani. Bisa dukkan injunan akwai tsarin sarrafawa guda, wanda daga allonsa injiniya ɗaya ke ganin zafin kowace na'ura da nauyin da take ɗauke da shi, ya sabunta ɗari a tashi ɗaya, ya ɗauke aiki daga wadda ta gaji ya ɗora wa wata ba tare da mai amfani ya sani ba. Wannan shi ne sarrafa na'urori daga wuri ɗaya, kuma muna goyon bayansa. Wanda ya san yadda abin yake idan kowace ma'aikata ta riƙe tata na'ura zai gane dalili. Za ka tarar da ita ƙarƙashin tebur cikin wani biro, ƙura ta lulluɓe ta, na'urar sanyaya ɗakin ta mutu tun bara, kalmar sirri kuma tana kan mutum ɗaya, wanda in aka yi masa canjin wurin aiki sai ya tafi da ita. Ƙasa mai ƙarancin injiniyoyi ba za ta iya raba su biro-biro ba. Koriya ma wannan lissafi ta yi lokacin da ta buɗe gidan Dejon a shekarar 2005, kuma lissafin daidai ne.

Sai dai tarawa na da nata farashi. Can da, in wuta ta ci biro ɗaya, ma'aikata ɗaya ce ta yi hasara. Bayan an tara, wuta ɗaya na iya tsayar da gwamnati duka. Manomanmu sun san haka tun kaka da kakanni. Shi ya sa ake kafa rumbuna a bayan gari, nesa da murhu, da tazara tsakanin wannan da wancan, kuma mai hankali ba ya zuba irin shukar baɗi cikin rumbun da ake ɗiba kullum.

Masu fasahar sun tanadi maganin wannan, kuma ga yadda yake aiki. Ana ajiye na'ura ta biyu ta ko-ta-kwana, wadda ake aika wa kwafin duk abin da aka rubuta cikin ta farko. Su biyun suna aika wa juna ɗan gajeren saƙo kowane daƙiƙa ko daƙiƙu kaɗan, ma'anarsa dai "ina nan". Idan ta biyun ta daina jin ta farko har wani adadin lokaci da aka ƙayyade, sai ta karɓi adireshinta ta ci gaba da amsa wa jama'a, kamar mai riƙon ƙwarya. Akwai haɗari a nan. Mai yiwuwa ta farkon ba ta mutu ba, waya ce kawai ta tsinke tsakaninsu. In haka ta faru kowace sai ta ɗauki kanta shugaba, a samu sarki biyu a gari ɗaya, wannan na rubuta nata lissafi waccan na rubuta nata, har littafin ya ɓaci. Saboda haka ake sa na'ura ta uku ta zama shaida, ba a karɓar aiki sai da rinjayen biyu cikin uku.

Wannan dabara na tsare mutuwar inji ɗaya. Ba ta tsare gobarar da ta cinye ɗakin duka, ko ambaliya, ko yankewar kuran ta kwanaki. Don haka ne ake gina gida na biyu a wani gari. Kafin a gina shi, akwai tambaya biyu da ya kamata shugaban kowace ma'aikata ya amsa da bakinsa, domin nauyin amsarsu na kansa, injiniya bin umurni kawai yake yi. Ta farko: awa nawa wannan aiki zai iya tsayawa kafin talaka ya cutu? Ta biyu: aikin awa nawa za mu iya rasawa mu sake shi da hannu? Amsar da aka bayar ita ke nuna yawan kuɗin da za a kashe.

Yanzu mu koma Dejon mu ga inda aka yi sake. Darasi na farko shi ne alkawari bisa takarda ba ya kashe wuta. A watan Oktoba 2022 gobarar batura ta tashi a wani gidan na'urori na ƴan kasuwa kusa da birnin Seul, ta tsayar da KakaoTalk, wanda yake a wurinsu kamar WhatsApp a wurinmu, aka kwashe kwanaki kafin komai ya daidaita. A lokacin hukumar gidan na'urorin gwamnati ta ba da tabbacin cewa nata manyan ayyukan za su iya dawowa cikin awa 3 in masifa ta auku. Da ranar ta zo a 2025, makonni aka yi, wasu ayyukan ma watanni. An kwafe bayanai da dama zuwa wasu wurare, amma ba a tanadi injunan da za su karɓi aikin nan take ba. Gidan ko-ta-kwana da aka daɗe ana shirin buɗewa a garin Gonju bai kai ga ɗaukar nauyin ba sa'ad da wutar ta tashi.

Darasi na biyu ya fi ciwo. Akwai wata ma'ajiya mai suna G-Drive inda ma'aikatan gwamnati ke adana takardun aikinsu. Abin da ke cikinta ya kai tarabait 858, wato ya fi abin da salula 13,000 masu gigabait 64 za su ɗauka. Ba a yi mata kwafi a wani wuri ba, bisa hujjar cewa ta yi girma da yawa. Ta ƙone, aikin shekaru ya tafi. Girman abu dalili ne na a ƙara tsaronsa, amma a nan sai ya zama dalilin barinsa.

Darasi na uku ya shafi tsarin sarrafawa kansa. Da farko hukuma ta ce ayyuka 647 suka tsaya. Bayan kusan mako biyu ta gyara ta ce 709 ne. Dalili kuwa, tsarin da ke riƙe da jerin ayyukan gidan shi ma ya tsaya tare da sauran, sai da aka tayar da shi kana aka san ainihin adadin. Irin wannan ta taɓa samun Facebook ranar 4 ga Oktoba 2021, kuma da yawa cikin masu karatu za su tuna daren da WhatsApp ya yi shiru wajen awa 6. Babu gobara a ranar. Umurni ɗaya ne aka aika cikin aikin gyara na yau da kullum, ya yanke hanyoyin da ke haɗa dukkan gidajen na'urorin kamfanin. Kayan aikin da injiniyoyi za su yi gyara da su daga nesa sun bi ta hanyar da ta yanke, sai da aka tura mutane suka je da ƙafarsu. Hannun da ke iya gyara na'ura dubu a tashi ɗaya yana iya kashe dubu a tashi ɗaya. Saboda haka tsarin sarrafawa na buƙatar nasa abokin ko-ta-kwana, da wata hanyar shiga ta daban, da jerin na'urori da matakan farfaɗo da su a rubuce bisa takarda cikin akwati.

Wani zai ce, to mu kai bayananmu ƙasashen waje inda aka fi mu gwaninta. Wannan ma sai an yi hattara. Daren 9 zuwa 10 ga watan Maris 2021 wuta ta cinye ɗaya daga cikin gine-ginen kamfanin OVH a birnin Sitarasbur na Faransa, ta lalata wani sashe na na kusa da shi, aka kashe kuran na sauran. An ƙiyasta shafukan intanet miliyan 3.6 suka ɗauke. Wasu abokan cinikin sun biya kuɗin kwafi, amma sai aka tarar kwafin na ajiye wuri ɗaya da asalin, wuta ta haɗa ta cinye. A 2023 kotun kasuwanci ta birnin Lil ta umurci kamfanin ya biya wasunsu diyya, sai dai diyya ba ta maido da takardar da ta zama toka. Duk ma'aikata ko banki ko ɗan kasuwa da ya sa hannu bisa irin wannan yarjejeniya, ya tambaya a rubuta masa garin da kwafinsa yake.

Akwai kuma kuskuren da ya kamata a kauce masa, wato ɗaukar na'urar ko-ta-kwana a matsayin ajiya. Ita kamar madubi take: abin da aka yi a nan shi zai bayyana can. In ma'aikaci ya goge jerin albashi bisa kuskure, ko ɓarayin intanet suka ƙulle bayanai suna neman fansa, cikin ƙiftawar ido ɓarnar za ta isa ta biyun. Ajiya ta gaskiya ita ce kwafin jiya da na makon jiya da na watan jiya, wanda aka cire daga layi. Ƙa'idar da masu wannan sana'a suka saba bi mai sauƙin riƙewa ce: kwafi 3, bisa ma'ajiya iri 2, 1 daga ciki a wani gari.

To, yaya lamarin yake a ƙasarmu? Muna da namu haɗurra, kuma mun gan su da idonmu. A watan Agusta 2023 aka yanke kuran da ke zo mana daga Najeriya, wanda a lokacin ya kai wajen kashi 70 cikin 100 na abin da ƙasa ke amfani da shi, bai dawo ba sai a watan Maris 2024. Yamai na samun nata ta layin Birnin Kabi, Maraɗi da Damagaram ta layin Katsina, amma da yake tushen ɗaya ne, tare suka shiga duhu. Wannan ya nuna nisa kaɗai bai isa ba. Damagaram na da tazarar wajen kilomita 900 daga Yamai, Maraɗi fiye da 600, tazarar da ta wadatar ga gobara da ambaliya, amma gidan da za a gina a can sai yana da nasa tushen kuran, ko na rana ko na gurub mai isasshen mai. Ambaliya ma mun santa: a 2020 kogin Kwara ya fasa madatsai ya shiga unguwannin Yamai, a watan Agusta 2024 ruwa ya yanke manyan hanyoyin shiga birnin. Ranar 14 ga Maris 2024 kuma wayoyi huɗu na ƙarƙashin teku suka lalace daura da gaɓar Kodibuwa, intanet ya raunana a ƙasashe da dama na Afirka ta Yamma. Ƙasar da ba ta da bakin teku, wadda sadarwarta ke ratsa ƙasashen maƙwabta, tana buƙatar hanya fiye da ɗaya, waɗanda ba su bi rami ɗaya ba. Sai a haɗa da zafin bazara da ke haura digiri 45, da ƙurar hunturu mai toshe na'urorin sanyi.

An tsara gidan Yamai bisa daraja ta 3 cikin darajoji 4 da ake auna irin waɗannan gidaje da su. Ma'anar daraja ta 3 ita ce ana iya tsayar da kowane sashe na kuran ko na sanyi a yi masa gyara ba tare da na'urori sun tsaya ba. Wannan babban abu ne. Amma darajar na magana ne bisa ingancin gini ɗaya, ba ta ce komai ba bisa ranar da ginin kansa zai fita daga aiki.

Mun san amsar da za a ba mu: ina kuɗi? Ƙasar da ke fama da gina azuzuwa da asibitoci, ta yaya za ta gina gida biyu alhali ɗaya na zaune yana jira? Tambaya ce mai nauyi, kuma ba a amsa ta da cewa a ninka komai. A kasa ayyuka kashi uku. Kashin farko su ne waɗanda tsayawarsu ta wuni ɗaya ke taɓa tukunyar talaka ko baitulmali: albashi da fansho, kuɗin duwan da na lanho, rajistar haihuwa da shaidar ɗan ƙasa. Waɗannan a ba su injunan ko-ta-kwana masu aiki a gida na biyu. Kashi na biyu su ne masu iya jiran kwana ɗaya ko biyu, a aika kwafinsu kowane dare, a tayar da su in buƙata ta taso. Kashi na uku tsofaffin takardu ne, kwafinsu bisa faifai cikin ɗaki mai kulle ya isa. Gida na biyun ba dole ya kai na farko girma ba, kuma ba dole ya zauna banza ba, yana iya ɗaukar wani sashe na aikin yau da kullum. Estoniya, ƙasar da mutanenta ba su kai miliyan ɗaya da rabi ba, ta ƙulla yarjejeniya da Luksambur a 2017 ta ajiye kwafin manyan rajistocinta can ƙarƙashin ikonta. Mu ma mun san wannan hikima ta wata fuska. Tun 1970 ƙasa ta kafa ofishin cimaka na OPVN, kuma fari na 1973 da na 1984 sun koya mana cewa hatsin da aka ajiye don mugunyar shekara ba kuɗin banza ba ne.

Abu na ƙarshe, kuma shi ya fi sauƙin mantawa, shi ne jarrabawa. Ba a fafe gora ranar tafiya. Kwafin da ba a taɓa buɗe shi an maido da aiki daga cikinsa ba, ba wanda ya san ko yana da rai. Batir na tsufa, gurub da ya daɗe bai tashi ba kan ƙi tashi, injiniyan da ya san matakan na iya kasancewa a hanyar Agadas ranar da abin ya faru. Gyaran wannan shi ne a sa rana, a sanar da jama'a, a kashe gida na farko da gangan, a riƙe agogo a ga minti nawa na biyun zai yi kafin ya amsa, sa'an nan a maido da aiki gida na farko, domin komowar ma aiki ce mai wuya. Jarrabawar farko za ta tona kurakurai masu yawa, kuma kada a hukunta injiniyan da ya tona su.

Saboda haka muna kira ga hukumomin da abin ya rataya a wuyansu da su sa kuɗin gida na biyu da na jarrabawa cikin kasafin kowace shekara, tare da kuɗin mai da na canza batura bisa lokacinsu. Muna kira ga kowane minista da kowane darekta, kafin ya miƙa bayanan ma'aikatarsa, ya nemi a rubuta masa garin da kwafinsu zai zauna, awa nawa za a yi kafin aikinsa ya dawo, da ranar da aka yi jarrabawa ta ƙarshe. Muna kuma kira ga jami'o'inmu na Yamai da Maraɗi da Tawa da Damagaram su horar da samarin da za su riƙe waɗannan gidaje, domin gida biyu na buƙatar ƙungiyar ma'aikata biyu, masu kwana bisa aiki. Malamin lakkwal na ƙauye da ke jiran albashinsa ƙarshen wata, da tsohuwar da ke jiran fanshon mijinta, ba za su taɓa ganin cikin gidan na'urori ba, amma su ne za su fara jin jiki ranar da ya tsaya. Saboda su muke wannan kira, kuma za mu ci gaba da bin maganar a wannan shafi.